Madison Square Garden: tambayoyi da amsoshi kan zauren da ke zaune bisa tashar jirgin ƙasa

Duk mai bin dambe, ƙwallon kwando ko manyan mawaƙa ya sha jin an ce "za a yi shi a Madison Square Garden". Sunan ya zauna a kunne, amma ba kowa ya san yadda wurin yake ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Shin lambu ne, tunda "Garden" na nufin lambu a Turanci?

Babu ko bishiya ɗaya a ciki. Rufaffen zauren wasanni ne da shagulgula, gini mai siffar ganga, a tsakiyar tsibirin Manhattan na birnin New York. Yana tsakanin titi na 31 da na 33, manyan hanyoyi na bakwai da na takwas sun sa shi a tsakiya. Mutanen garin ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, "Garden" kawai suke cewa kowa ya gane.

Abin dariyar shi ne ko a dandalin Madison ɗin ma ba ya nan. Wancan dandali, da aka raɗa wa sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, yana can wajen titi na 26, tafiyar ƙafa ce mai ɗan dama daga zauren na yanzu. Sunan gado ne, ya yi ta bin gine-ginen duk inda suka koma.

Kenan an yi wasu kafin wannan?

An yi uku, wannan ne na huɗu.

Na farkon ya samu sunan a 1879. Tsohuwar ma'ajiyar jiragen ƙasa ce da aka mayar wurin wasa, ko rufi ba ta da shi, zafi da sanyi duk a kan 'yan kallo suke ƙarewa. Aka rushe shi, aka gina na biyu a gurbinsa a 1890, gini na ƙawa mai doguwar hasumiya. Wanda ya zana shi, Stanford White, a nan ajalinsa ya same shi: a 1906 wani attajiri mai suna Harry Thaw ya harbe shi a saman rufin ginin ana tsakiyar wasa, saboda kishi a kan mace. Shari'ar ta cika jaridun Amurka na wancan zamani.

A 1925 dillalin dambe Tex Rickard ya gina na uku a kan hanya ta takwas, tsakanin titi na 49 da na 50. Shi ne ya fara raba sunan da dandalin. Na huɗun, wanda ake amfani da shi yau, an buɗe shi ranar 11 ga Fabrairu, 1968. A cikin duk zaurukan da ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke wasa a ciki yanzu, babu wanda ya kai shi shekaru.

Da gaske ne a kan tashar jirgin ƙasa aka ɗora shi?

Gaskiya ne, kuma wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci Garden ba, domin arzikinsa da rigimarsa duk daga nan suka taso.

A filin da yake zaune a da akwai tashar Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1910. Ba ƙaramin gini ba ne: manyan ginshiƙan dutse a jere, ɗakin jiran fasinja da aka kwaikwayo daga tsoffin gine-ginen Rum, rufin ƙarfe da gilashi da hasken rana ke ratsowa har kan jirage. Kamfanin da ya zana ta shi ne na su Stanford White ɗin nan. Bayan yaƙin duniya na biyu mota da jirgin sama suka janye fasinja, kamfanin jirgin ƙasan ya shiga halin ni-'yasu, kula da ƙatuwar tashar ya fi ƙarfinsa. Sai ya sayar da haƙƙin yin gini a samanta. A Oktoban 1963 aka fara rusau. Layukan dogo da wuraren hawa jirgi suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin ƙasa, aka share abin da ke sama, aka dasa zauren wasa da dogon benen ofisoshi.

Masu zanen gine-gine ƙalilan ne suka fito zanga-zanga kafin a fara. Sai da mutane suka ga ana jibge ginshiƙan dutsen nan a juji sannan hankali ya tashi. Ihu bayan hari ne, amma ihun bai tafi a banza ba: a 1965 birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi, kuma ita ce daga baya ta ceci ɗaya babbar tashar, Grand Central, lokacin da aka so yi mata irin wannan aiki. Har Kotun Ƙolin Amurka maganar ta kai a 1978, birnin ya yi nasara.

Tashar da ta rage a ƙasa ita ce mafi cunkoso a Amurka. Kafin annobar korona fasinja wajen 600,000 ke ratsa ta a ranar aiki. Rufinta gajere ne, hanyoyinta ƙuntatattu, ga ginshiƙan da ke ɗauke da zauren sun tsaya a tsakiyar wuraren hawa jirgi. A ganina cinikin da aka yi a 1963 mugun ciniki ne ga fasinja. Ga mai zauren kuwa, babu filin da ya fi wannan a duk ƙasar, tunda jirgi ne ke sauke masa 'yan kallo a ƙarƙashin ƙafarsa.

Mutum nawa yake ɗauka?

Ya danganta da abin da ake yi. Ƙwallon kwando 19,812. Wasan hoki na kan ƙanƙara 18,006, saboda filinsa ya fi girma, yana cinye kujerun gaba. Ranar dambe ana iya haura 20,000, tunda ana jera kujeru har gindin dandamali. A cikin ginin kuma akwai ƙaramin zaure mai ɗaukar mutum wajen 5,600, inda ake ƙananan dambe da wasannin barkwanci.

Wanda ya saba da filayen ƙwallon ƙafa zai ga adadin bai taka kara ya karya ba. Amma mutum dubu ashirin a rufaffen ɗaki daban ne da dubu ashirin a sarari. Ihu ba shi da hanyar fita, sai ya bugi rufi ya dawo.

Me ya sa rufin ya lotso ciki?

Haka aka yi shi da gangan. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar zauren da zai tare wa ɗan kallo gani. Rufin a rataye yake da kakkauran igiyoyin ƙarfe da suka taso daga bangon da ya kewaye ginin suka haɗu a wata zobanya a tsakiya, kamar wayoyin ƙafar keke idan an kwantar da ita. Shi ya sa ya ɗan lotso maimakon ya yi tozo. Wannan rufin ne ake gane wurin da shi a talabijin tun kafin mai sharhi ya faɗi sunansa. Charles Luckman ne kamfaninsa ya zana ginin.

Wani abin da baƙo ba ya lura da shi: filin wasan ba a ƙasa yake ba, a hawa na biyar yake. Duk kayan mawaƙa, fitilu da lasifikoki sai an hau da su ta wata karkatacciyar hanya mai tudu a cikin ginin. Shekaru da dama, idan masu wasa da dabbobi suka zo gari, cikin dare ake koro giwaye ta ramin mota da ke ƙarƙashin kogi daga unguwar Queens, a bi da su titi na 34, su hau wannan tudu da ƙafarsu.

Tsakanin 2011 da 2013 an yi wa cikin ginin gyaran da ya ci kusan dala biliyan ɗaya. Ba a rufe shi gaba ɗaya ba, sai aka riƙa aikin a lokacin bazarar kowace shekara idan ƙungiyoyi sun tafi hutu. A nan aka ƙara wasu gadoji biyu da ke rataye a sama, masu kujeru, inda mutum ke kallon wasa daga bisa kai tsaye. Mai jin jiri ya nemi wani wurin.

Yaya ake hoki a kan ƙanƙara yau, gobe a yi ƙwallon kwando a wuri guda? Narkar da ita ake yi?

Ba a narkar da ita. Tana nan kwance tsawon kakar wasa. A cikin daɓen siminti akwai bututai da ruwan sanyi ke zagayawa, su ke riƙe da ƙanƙarar, wadda kaurinta bai wuce kamar inci guda ba. Da an tashi daga hoki sai ma'aikata su cire gilasan da ke kewaye da filin, su shimfiɗa wasu alluna masu hana sanyi fitowa, sannan su jera katakon ƙwallon kwando a kai, gunduwa-gunduwa, kowane da lambarsa, suna sarƙe su da juna. A ƙaro kujeru, a kafa kwanduna. Cikin 'yan sa'o'i an gama. Akwai ranakun da ake wasa ɗaya da rana, wani daban da dare.

Watan Yunin 1994 ne aka fi ba da labari. Ƙungiyoyin gidan biyu, Rangers ta hoki da Knicks ta ƙwallon kwando, duk sun kai wasan ƙarshe a lokaci guda. Ranar 14 ga wata Rangers suka ci kofin Stanley, babban kofin hoki, a kan ƙanƙarar Garden, karo na farko tun 1940. Washegari, 15 ga wata, Knicks suka fito a kan katako a wuri guda suna karawa da Houston Rockets. Wanda ya hana su kofin a wannan shekara ɗan Legas ne, Hakeem Olajuwon: sai da aka yi wasa bakwai, Rockets suka ƙarasa aikin a gidansu.

Saboda haka mawaƙin da ka gani yana tsalle a dandamalin Garden cikin watan Disamba, a kan ƙanƙara yake rawa.

Su wa ke da gidan?

Masu zaman dindindin biyu ne: New York Knicks a ƙwallon kwando da New York Rangers a hoki. Jami'ar St. John's ma tana buga wasu wasanninta a nan, kuma tun 1983 ake gasar jami'o'i ta Big East a zauren duk watan Maris. Ginin da ƙungiyoyin biyu suna hannun kamfanonin da iyalin Dolan ke juyawa, James Dolan ne a gaba.

Knicks sun ci kofin NBA a 1970 da 1973. Daren da magoya baya ba sa gajiya da tunawa shi ne 8 ga Mayu, 1970, wasa na bakwai na raba gardama a karawar cin kofi da Los Angeles Lakers, lokacin da kyaftin ɗinsu Willis Reed ya fito yana ɗingishi da rauni a cinya bayan an fid da ran zai buga. Ƙwallo biyu kacal ya jefa a kwando a farkon wasan, amma sun isa su tada zauren tsaye. A 'yan wasan wannan zamani akwai OG Anunoby, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ya koma ƙungiyar a ƙarshen 2023.

Me ya sa 'yan dambe ke girmama wurin haka?

Tun kafin Las Vegas ta zama cibiyar manyan karawa, New York ce kasuwar dambe, Garden kuma shi ne tsakiyar kasuwar. Ɗan damben da bai taka nan ba, ana ganin da sauransa.

Daren da ya fi kowane shi ne 8 ga Maris, 1971. Muhammad Ali ya dawo bayan an ƙwace masa kambu an hana shi dambe fiye da shekara uku saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam. Joe Frazier ne ke riƙe da kambun. Babu wanda aka taɓa dokewa a cikinsu, kowanne kuma an ba shi dala miliyan biyu da rabi, kuɗin da ba a taɓa jin irinsa a dambe ba. Aka yi turmi goma sha biyar cif. A na ƙarshe Frazier ya kai wa Ali wani naushin hagu da ya kai shi ƙasa. Da a damben gargajiya ne an yi kisa kenan, makaɗa sun ɗauka. Ali ya miƙe ya ƙarasa, amma alƙalai uku duka suka ba Frazier. Wanda ya ci zomo ya ci gudu: shi ma Frazier sai da ya kwanta asibiti bayan wasan. A Janairun 1974 suka sake haɗuwa a nan, Ali ya rama.

A Afrilun 2022 Katie Taylor da Amanda Serrano suka zama mata na farko da wasansu ya zama babban wasan dare a zauren. Masu son kokawar talabijin kuma, a nan aka yi WrestleMania na farko a Maris ɗin 1985.

Akwai 'yan Najeriya da suka yi suna a wurin?

Akwai, kuma tun kafin a haifi yawancin masu wannan tambaya. Dick Tiger, ɗan Amaigbo, ya mayar da Garden kamar gidansa. A tsohon zauren na uku ya karɓo kambunsa na matsakaicin nauyi daga hannun Joey Giardello a 1965, ya rasa shi ga Emile Griffith a 1966, sannan kafin shekarar ta fita ya hau ajin gaba ya doke José Torres ya zama zakaran duniya a can ma. A sabon ginin, watanni kaɗan da buɗewa a 1968, Bob Foster ya kwantar da shi a turmi na huɗu ya karɓe kambun. Wasansa na ƙarshe a rayuwa ma a nan ya yi shi a 1970, shekara guda kafin rasuwarsa. Abin takaici ne yadda matasa da yawa ba su san sunansa ba.

Na baya-bayan nan wasu sun ji daɗin wurin, wasu sun sha kashi. Ranar 1 ga Yuni, 2019, Anthony Joshua ya zo wasansa na farko a Amurka ɗauke da kambuna, aka haɗa shi da Andy Ruiz, wanda aka nemo a ƙurarren lokaci bayan abokin karawar farko ya faɗi gwajin ƙwayoyi. Kowa ya raina Ruiz saboda tumbinsa. Sau huɗu ya kai Joshua ƙasa, aka tsayar da wasa a turmi na bakwai. Sai a Disamba, a Saudiyya, Joshua ya karɓo kayansa.

A damben UFC, mai haɗa naushi, shuri da kokawa, wanda jihar New York ba ta halatta ba sai a 2016, Kamaru Usman ɗan Auchi ya kare kambunsa a nan a Nuwamban 2021 da ya doke Colby Covington. Shekara guda bayan haka Israel Adesanya ya rasa nasa a hannun Alex Pereira a turmi na biyar, alhali shi ke gaba a maki.

A fagen waƙa, Burna Boy ya cika zauren a Afrilun 2022, ɗan Najeriya na farko da ya yi haka da sunansa a saman tikiti. Wizkid ya biyo baya a Nuwamban shekarar, Davido a 2024.

Ban da wasa da waƙa fa?

Jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta na tsayar da ɗan takara a nan a 1976, 1980 da 1992, Republican kuma a 2004. Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1979, Fafaroma Francis a 2015. A Agustan 1971 aka yi taron waƙa don tara wa 'yan gudun hijirar Bangladesh kuɗi, wanda ya buɗe ƙofar irin waɗannan taruka. Billy Joel shi kaɗai ya hau dandamalin sau 150.

Na ji Amurkawa na ce masa "Makka". Me ya kawo haka?

A bakinsu kalmar ta zama lakabin duk wurin da masu wata sana'a ke kwaɗayin zuwa, shi ya sa za ka ji mai sharhi ya kira shi Makkar ƙwallon kwando ko ta dambe. Ba da nufin izgili suke faɗa ba, amma kunnen Musulmi ba ya jin daɗinsa, kuma ba dole ne mu ara mu yafa ba. Kirarin da masu wurin suka yi wa kansu shi ne zauren da ya fi kowane shahara a duniya. Talla ce, sai dai da wuya a ƙaryata ta.

Idan na je New York, yaya zan kai kaina?

Kada ka ɗauki mota. Wurin ajiye ta tsada ne, ga cunkoso, kuma tun Janairun 2025 ana cajin motocin da suka shiga wannan yanki na Manhattan. Jiragen ƙarƙashin ƙasa masu lamba 1, 2 da 3, da masu harafin A, C da E, duk suna tsayawa a titi na 34 daf da ƙofa. 'Yan'uwanmu mazauna Bronx ko Harlem, jirgi mai lamba 2 zai kawo su kai tsaye ba canji. Daga filin jirgin sama na JFK, ka hau ƙaramin jirgin filin zuwa tashar Jamaica, daga can jirgin Long Island zai sauke ka a ƙarƙashin zauren. Mai zuwa daga New Jersey, Washington ko Boston ma nan ce tasharsa.

Tikiti a waya yake zuwa. Ka saya ta hanyar da zauren ya amince da ita, ka rabu da masu tare mutane a bakin titi. Ana bincike a ƙofa, babbar jaka ba ta shiga, kuma wanda ya fita ba ya komawa da tikitin da ya shiga da shi, don haka ka sallaci abin da za ka sallata tukuna. Abinci a ciki tsada ne, ana kuma sayar da giya. A titunan da ke kewaye akwai masu kekunan abincin halal, shinkafa da kaza ko naman rago, da araha.

Gaskiya ne suna tantance fuskar masu shiga da kyamara?

Gaskiya ne. Maganar ta fito fili a 2022, da aka gano ana amfani da na'urar wajen hana shiga ga lauyoyin da ofisoshinsu ke shari'a da kamfanin, ko da su ba su da hannu a ƙarar, ko da kuma sun sayi tikiti. Kamfanin ya ce wurinsa ne, yana da ikon zaɓar wanda zai shiga. 'Yan majalisa da babbar lauyar jihar suka nemi bayani. Ni dai ina ganin wurin da ba ya biyan harajin fili bai kamata ya riƙa tsince wa jama'a baƙi haka ba.

Ba ya biyan haraji?

Harajin fili da gini, a'a. Tun 1982 aka yafe masa, zamanin magajin gari Ed Koch, lokacin da ake tsoron ƙungiyoyin biyu za su bar garin. Yafiyar tana nan har yau, kuma abin da birnin ke rasawa ya haura dala miliyan 40 a shekara. An sha kai ƙudurin soke ta majalisar jiha, ba ta soku ba.

Za a tashe shi daga kan tashar?

An daɗe ana wannan magana. Duk zaure mai girma haka a birnin sai da izini na musamman yake aiki. Na farkon na shekara hamsin ne, ya ƙare a 2013. Masu wurin suka nemi na har abada, majalisar birni ta ba su shekara goma, da nufin su nemi wani fili a gyara tashar. Shekara goma ta cika ba wanda ya motsa. A 2023 aka ba su biyar, wanda zai kai 2028.

Masu son a tashe shi sun ce ba yadda za a yi tashar ta samu haske da sarari matuƙar ginshiƙansa na tsaye a cikinta. Masu shi sun ce sun zuba biliyan a gyara, fili nasu ne, kuma ina za a samu wani mai girman haka a tsakiyar Manhattan? Akwai masu tsaka-tsaki da ke cewa a bar babban zauren, a rushe ƙaramin da ke gefen hanya ta takwas a yi wa tashar babbar ƙofa. A Janairun 2021 an buɗe sabon ɗakin fasinja na Moynihan a tsohon gidan waya da ke tsallaken titi, ya rage wa matafiyan nesa wahala, amma yawancin masu zuwa aiki kullum har yanzu ta ƙarƙashin zauren suke bi.

Ƙarfe nawa wasanninsu ke kamawa a wajenmu?

Najeriya da Nijar suna gaban New York da sa'a shida a lokacin sanyinsu, biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Ghana a rage sa'a ɗaya. Wasan Knicks da aka sa ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Janairu, ɗaya da rabi na dare kenan a Kano ko Maraɗi. Babban wasan dambe kuwa ba ya farawa sai wajen sha ɗaya na darensu ko bayan haka, wato tsakanin huɗu da biyar na asuba a nan. Waɗanda suka tashi kallon Joshua da Ruiz, ana kiran assalatu wasu ba su gama gardamar abin da idonsu ya gani ba.